Kafin ku ƙara wa ƙaramar mota dawakai

Ƙannena samari, da waɗanda Allah ya hore wa 'yar ƙaramar mota irin Golf ko Corolla ko Civic, da waɗanda ke tsugune a gareji suna koyon kanikanci, da ku nake. Buri biyu ne ke yawo a bakinku duk inda aka ɗaga murfin inji: motar ta ƙara ƙarfi, ta kuma rage shan mai. Na farkon tsohon buri ne na ƙuruciya, kuma ba abin kunya ba ne. Na biyun kuwa ya ƙara nauyi tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ta haura 1,000 a wurare da dama a shekarar 2024. Inda buƙata ta yi yawa kuwa, masu alkawari ba sa ƙaranci. Wani zai ce a huda salansa, wani ya ce a fasa indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wani ya ce yana da kwamfutar da zai taɓa birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, da ita motar ta koma wata aba, kowannensu kuma zai rantse muku cewa riba biyu za ku ci a lokaci guda. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, duk dokin da aka ƙara wa inji akwai mai biyan kuɗin harawarsa: ko tankin mai, ko tsawon ran injin, ko birki. Dawakan da ake samu da araha kawai su ne waɗanda motar ta zo da su daga masana'anta ta zubar a hanya saboda rashin kulawa.

Sai an san yadda ƙarfin yake samuwa kafin a gane dalili. Inji yana zuƙar iska, ya gauraya ta da fetur, fistin ya matse su, fulogi ya ba da wuta, ƙonewar ta tura fistin ƙasa. Fetur ba ya ƙonewa sarai sai ya sami iska da ta ninka shi nauyi kusan sau 14.7, don haka ba man da aka zuba ne ke iyakance ƙarfin inji ba, iskar da ya iya zuƙa ce. Ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, abin da za ka samu baƙin hayaƙi ne da fulogi mai kunkunniya. Hanyoyin ƙara ƙarfi ba su wuce uku ba: a cusa wa silinda iska fiye da da, ko a sa injin ya riƙa juyawa da sauri, ko a rage abin da ke salwanta. Biyun farko dole su tafi da ƙarin mai, domin iskar da aka ƙara ba ta da amfani sai an haɗa ta da nata rabon na fetur. Ta ukun ce kaɗai ke ba da ƙarfi da tsimi tare, ita ce kuma mafi wuya. A injin fetur na yau da kullum, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin man ne ke zama aiki, ko ma ƙasa da haka. Sauran zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Tun 1876 da Nikolaus Otto ya ƙera injinsa a Jamus injiniyoyi ke kokawa da wannan asara, ba su kuma kai ga rabi ba a motocin da ake sayarwa a kasuwa.

Kamfanin Toyota ya isa hujja a nan, tunda motocinsa ne suka cika titunanmu. Injin 1ZZ mai lita 1.8 da ke cikin Corolla da yawa yana ba da ƙarfin doki wajen 130. Da kamfanin ya so injin mai wannan girma ya ba da 180 zuwa 190 don motar Celica a 1999, bai huda salansa ba. Ya haɗa kai da Yamaha suka ƙera wani injin daban, 2ZZ, mai faɗin silinda daban, da tsawon tafiyar fistin daban, da matsi 11.5 maimakon 10, da dabarar da ke ƙara buɗe bawul idan injin ya hau sama. Duk da haka ƙarin ƙarfin ba ya bayyana sai allura ta wuce juyi 6,000 a minti, inda direban da ke cikin cunkoson Kano ba ya zuwa, kuma injin yana buƙatar fetur mai daraja. Sai a duba ɗaya ɓangaren. Corolla da ta biyo baya mai injin 2ZR tana da ƙarfin doki 132. Ɗan uwan wannan injin, shi ma lita 1.8, shi ne a cikin Prius, inda aka sauya lokacin rufe bawul ɗin shigar iska don a ƙara tatsar aiki daga kowane ɗigon mai. A samfurin 2015 Toyota ya ce injin ya kai kashi 40 cikin 100 na mai da fetur aiki, wanda babban abu ne, amma ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, sai da aka tallafa masa da injin lantarki da batir. Kamfani ɗaya, girman inji ɗaya: da aka nemi ƙarfi an biya da mai, da aka nemi tsimi an biya da ƙarfi. Idan masu dubban injiniyoyi da ɗakunan gwaji sun kasa tsere wa wannan ciniki, ya kamata ku tambayi kanku abin da mai walda a bakin titi ya sani wanda su ba su sani ba.

Yanzu a dubi gyare-gyaren da suka fi farin jini a wajenku. Salansa mai ƙara ita ce ta farko, domin kunne yana yaudarar mai shi: mota tana ruri, sai direba ya ɗauka gudu ta ƙara. A ƙaramin injin da ba shi da turbo, bututun da ya fi ƙima faɗi yana rage saurin fitar hayaƙi a ƙananan juyi, sai motar ta yi nauyin tashi a daidai inda ake buƙatarta, a bar maƙwabta da marasa lafiya da jarirai da hayaniyar da haƙƙi ce a wuyan mai motar. Ta biyu ita ce buɗaɗɗiyar matatar iska mai siffar mazurari da ake ɗaurawa bayan an cire akwatin asali. Akwatin nan an tsara shi ne ya janyo iska daga waje, ita kuwa buɗaɗɗiyar tana shaƙar zazzafar iskar da ke kewaye da inji. Iska tana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na nauyinta a duk ƙarin zafi na digiri 10, don haka sau da yawa asara aka saya da kuɗi. Mafi muni, irin waɗannan matatu sukan bar ƙura mai laushi ta wuce, a ƙasar da kowane hunturu iska ke kwaso ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta zube mana. Ƙurar nan ce ke cin ringi da bangon silinda a hankali har injin ya fara shan baƙin mai. Su kuwa maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, ba su cancanci dogon bayani ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da 100, ba ta samu wadda ta kawo ragin a zo a gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin motocinmu ba ƙari suke buƙata ba, mayar musu da abin da aka ƙwace musu suke buƙata. Mota ce da ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin a Turai ko Amurka kafin ta sauka a Kwatano ko Legas, tana isowa kuma abu na farko da wasu kanikawa ke yi mata shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye, wai don nan ƙasar zafi ce. Tamostat ɗin nan aikinsa shi ne ya tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, tsakanin digiri 80 da 90. Idan babu shi, musamman da safiyar hunturu ko a doguwar hanya, injin yana zama da sanyi, birenbos ya ɗauka yanzu aka tayar da motar, ya ci gaba da ƙara mai, man da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda. Ga asarar fetur, ga cinyewar ƙarfe, alhali ciwon da ya sa motar tafasa tun farko, ko toshewar lagireto ne ko lalacewar famfon ruwa, yana nan ba a taɓa shi ba. Haka batun indomi. Gaskiya ne idan ya toshe yana shaƙe inji, kuma dole a yi maganinsa. Amma lafiyayyen indomi ɗan ƙarfi kaɗan yake ci, kuma ku sani yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, wanda shi ya sa masu ba da shawarar a fasa shi ba kasafai suke mayar wa mai mota abin da suka kwashe ba. Garin fasawar kuma akan lalata sensar da ke auna iskar hayaƙi, wadda da ita birenbos ke daidaita mai. Idan ta mutu, shan mai yana tashi sosai. Ku haɗa da tsofaffin fulogi, da toshewar nozul, da birki mai kamawa, da tayoyin da ba su da isasshiyar iska, da baƙin man da ba shi ne kamfanin ya ce a zuba ba. Motar da aka warkar daga waɗannan za ta ƙara ƙarfi ta kuma rage shan mai a lokaci guda, ba don an yi wata dabara ba, sai don an daina zubarwa.

Mai ilimi a cikinku zai ce: ai kamfanoni da gangan suke rage wa inji ƙarfi, suna barin rara, kuma wanda ya iya sauya lissafin birenbos zai iya fito da ita. Akwai gaskiya a wannan magana. A injin da ya zo da turbo daga masana'anta, sauya lissafin yana ƙara ƙarfi sosai, domin ana umartar turbon ne ya ƙara matso iska. A injin da ba shi da turbo kuwa, abin da ake samu kaɗan ne, tunda lissafi ba ya faɗaɗa silinda. Amma tambayar da ya kamata a yi ita ce, don wa aka bar rarar? An bar ta ne don ranar da zafi ya haura digiri 40, da ranar da aka sha man da ba shi da kyau, da ranar da aka yi wa mota lodi fiye da ƙima, da mai motar da ya makara wajen juyen baƙin mai. Wato don mu aka bar ta. Wanda ke Jamus yana da zaɓin fetur mai lamba 95 ko 98 a kowane gidan mai, ga sanyin gari. Mu a nan iri ɗaya ake sayarwa, wani lokacin ma a jarka a bakin titi, kuma ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata motocin mutane. Idan aka gaggauta lokacin ba da wuta aka ƙara matsi a kan irin wannan mai, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, man yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama bi ta cikinsa. Wannan ƙwanƙwasar ce ke fasa gefen fistin ta ƙone gaskit, sai a wayi gari ana cewa inji ya buga, garin neman gira an rasa ido. Ku tuna kuma da abin da ya sami Volkswagen a 2015, lokacin da aka gano ya sa wa motocinsa na dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage gurɓataccen hayaƙi, a kan titi kuma ta sake shi. Babban kamfani ne ya kasa haɗa ƙarfi da tsimi da tsaftar hayaƙi a farashin da yake so, har ya koma ga maguɗi.

Wani kuma zai kawo hujjar ƙananan injina masu turbo na zamani, irin na Ford mai silinda uku da lita ɗaya tak, wanda ya fito a 2012 da ƙarfin doki wajen 125. Ashe ba ga ƙarfi da tsimi sun haɗu ba? Sun haɗu a mota ɗaya, amma ba a lokaci ɗaya ba. Turbo, wanda Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista tun 1905, yana amfani da ƙarfin hayaƙin da ke fita ya juya fankar da ke matso iska. Idan kana tafiya a hankali, ƙaramin inji kake ciyarwa. Da zarar ka danne totur, iska ta ƙaru, mai ya bi ta, har birenbos yakan ƙara mai fiye da ƙima don ya sanyaya silinda. Sannan injin nan tun daga zanensa aka shirya shi don wannan matsi. Ɗaura turbo a kan injin Corolla ko Golf da bai zo da shi ba wani al'amari ne daban. Ƙarin matsi na rabin bar kawai, a ma'aunin matsin iska, yana nufin iska ta ƙaru da kusan rabi, wanda ke buƙatar manyan nozul, da famfon mai da zai wadatar da su, da na'urar sanyaya iskar da aka matsa, da hanyar baƙin mai zuwa turbon, da sabon lissafi, sau da yawa har da fistin mai ƙarancin matsi, sannan kuloc da giyabos da za su ɗauki nauyin. Ba abin da ba zai yiwu ba ne, masu sana'ar suna yi. Sai dai idan aka tara kuɗin aikin da aka yi shi daidai, yawanci ya isa a sayar da motar a cika a sayi wadda ta zo da ƙarfinta. Wanda aka yi da rabin kuɗi kuwa, kwanansa ƙidayayye ne.

Akwai kuma lissafin da ba ruwansa da ra'ayin kowa. Ƙarfin da mota ke buƙata don ta keta iska yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa nesa ba kusa ba: daga kilomita 100 a awa zuwa 120, ƙarfin da iska ke cinyewa yana ƙaruwa da sama da kashi 70 cikin 100, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya kuma tana ƙaruwa da kashi 44. Wanda ya ninka gudunsa ya ninka tazarar tsayawarsa sau huɗu. Shi ya sa da Volkswagen ya fito da Golf GTI a 1976 da ƙarfin doki 110, bai tsaya ga inji ba, ya ƙarfafa birkin gaba, ya sauke motar ya ƙara mata tauri a ƙafa, ya sa mata tayoyi masu faɗi. Saurayin da ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar tsohon birki da tayoyin gwanjo da suka wuce wa'adinsu, ya fara aikin ne daga ƙarshe. Iyakar gudun ƙananan motoci a manyan hanyoyinmu kilomita 100 ne a awa, kuma babu lafiyayyar Golf ko Civic da ba ta wuce wannan ba tun daga masana'anta. Titin da ake wasan mota a kai ranar ɗaurin aure kuwa, titin 'yan makaranta ne da masu talla da tsofaffi. Idan har kuzarin mota kuke so, ku lura da hanyar da kamfanin Lotus na Ingila ya bi: ya ɗauki injin 2ZZ ɗin nan na Toyota ya sa a motar Elise da nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Rage nauyi yana taimakon tashi da tsayawa da tanki gaba ɗaya, kuma matakinsa na farko kyauta ne, wato sauke tarkacen da ke kwana a but da kariyar da ke kan rufi ba a amfani da ita.

Na san wani zai ce wannan nasiha ta masu kashe gwiwa ce, ai da taɓe-taɓe ake koyon fasaha, kuma ƙasar da samarinta ba sa kwance inji ba za ta taɓa ƙera nata ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ban ce ku daina ba. Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano cike suke da masu basirar da ta cancanci a girmama. Amma ku dubi Soichiro Honda, wanda sunansa ke jikin Civic ɗin da kuke hawa. Yaron gareji ne a Tokyo tun yana ɗan shekara goma sha biyar, har tseren mota ya yi. Da ya fara ƙera ringin fistin ya kai wa Toyota, aka mayar masa da kusan duka saboda rashin inganci. Abin da ya yi shi ne komawa aji a Hamamatsu ya koyi ilimin ƙarfe. Kamfanin da ya kafa shi ne a 1989 ya fito da injin lita 1.6 mai ƙarfin doki 160 ba tare da turbo ba. Abin da ya raba mai fasaha da mai ɓarna shi ne awo. Kafin ka taɓa komai, cika tanki, rubuta lambar kilomita, yi tafiyarka ta yau da kullum, sake cikawa, ka raba ka san abin da motar ke sha. Auna matsin kowace silinda, domin injin da ringinsa ya cinye ba a gina komai a kansa. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun 1996, da na fetur na Turai tun 2001, suna da mahaɗar da ake jona 'yar na'urar bincike, wadda yau ake karanta ta a wayar hannu. Za ta nuna maka zafin ruwa da yadda birenbos ke ƙara mai ko rage shi. Sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka sake aunawa, ka ajiye kayan asali don ka iya mayarwa. Wanda ya sauya abu biyar rana ɗaya, ko motar ta gyaru bai koyi komai ba.

Ga wanda tsadar mai ce kaɗai damuwarsa, gyaran da ya fi kowane tasiri a aljihu a yau shi ne mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta a 2023, matuƙar akwai wurin sayenta a kusa da kai. Ita ma tana bin ƙa'idar nan: gas ɗin yana cin gurbin iska a silinda, don haka ƙarfi yana raguwa kaɗan, tukunyar tana ƙara nauyi ta kuma cinye but. Matsin da ke cikinta ya kai bar 200, kusan sau ɗari na iskar taya, don haka ba aikin mai walda ba ne. Fashewar da ta auku a wani gidan gas a birnin Benin a watan Oktoban 2024 daga tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba ce. Ƙanena, idan kuɗi sun shigo hannunka a wannan watan kana tunanin salansa mai ƙara, ka fara kai motar a duba ko tamostat ɗinta yana nan, a gwada sensar hayaƙi, a auna matsin silinda, sannan a duba birki da shekarar da aka buga a jikin tayoyinka.